Ruwa Ba Ya Tsami Banza, Amma Ba Kowane Mugun Ruwa Ke Tsami Ba

Da wuya a sami kalmar da Bahaushe ya ɗora wa kaya kamar kalmar ruwa. In zai tsame kansa daga magana sai ya ce ba ruwansa. In abu ya yawaita ya ce ya zama ruwan dare. Wanda ya kasa zaɓe ruwan ido gare shi, ribar bashi kuwa kuɗin ruwa ce. Hatta launuka da ruwa muke kiran da yawa daga cikinsu: ruwan toka, ruwan goro, ruwan ƙasa, ruwan hoda, ruwan ɗorawa. Duk wanda ya fara raɗa waɗannan sunaye ya lura da abin da masana kimiyya suka zo suka tabbatar daga baya, wato shi ruwa ɗan dako ne, duk abin da ya ratsa sai ya ɗebi wani abu daga jikinsa ya yi gaba da shi. A kan wannan hali nasa rayuwarmu ta rataya, kuma a cikin wannan halin ne haɗarinsa yake kwance.

Tun kaka da kakanni ma'auninmu na ruwa uku ne: ido da harshe da hanci. In ruwa ya yi garau, ba ya zartsi, ba ya wari, shi ke nan sai a kafa kai. Ko a littattafan fiƙihu da ake karantarwa a zaurukan malamai, da launi da ɗanɗano da ƙamshi ake gane ruwan da ya sauya, kuma wannan ma'auni ya wadatar a wurin da aka ajiye shi, wato sha'anin tsarki. Amma a sha'anin sha, tun daga ranar da muka fara huda ƙasa da inji muna zaƙulo ruwan da kakanninmu ba su taɓa kaiwa gare shi ba, ido da harshe da hanci sun gaza. Ra'ayinmu a nan shi ne, duk rijiyar da aka haƙa domin jama'a, a Nijar take ko Nijeriya, Kamaru ko Gana ko Chadi, bai kamata a buɗe ta ba sai an gwada ruwanta, sannan a faɗa wa masu sha sakamakon da harshen da suke ji. Kafin mu kawo hujja, ya kyautu mu san shi kansa ruwan.

Ƙarnoni masu yawa masu hikimar Girka da waɗanda suka gaje su sun ɗauka ruwa ɗaya ne daga tushe huɗu da aka gina duniya da su, tare da ƙasa da iska da wuta, abin da ba ya rabuwa gida biyu. Sai a wajajen 1781 wani mutumin Ingila, Henry Cavendish, ya ƙona wata iska maras nauyi a cikin kwalba, ya ga raɓa ta taru a jikin kwalbar, da ya bincika sai ya tarar ruwa ne. A 1783 Antoine Lavoisier na Faransa ya fayyace ma'anar abin: ruwa haɗi ne na iska iri biyu, haidurojin da oksijin. Ta farko wuta take kamawa, ta biyu ita ke rura wuta, amma da suka haɗu sai suka haifi abin da ake kashe gobara da shi.

Kowace ƙwayar ruwa ta ƙunshi ƙwayar zarra biyu ta haidurojin da ɗaya ta oksijin, shi ya sa ake rubuta ta H2O. Ƙanƙantarta ta wuce misali: ƙwayoyin da ke cikin kofi ɗaya na ruwa sun fi yawan kofunan da za a cika da ruwan tekunan duniya gaba ɗaya, ninki fiye da dubu. Sai dai asirin yana ga siffarta. Ƙwayoyin zarrar nan uku ba a miƙe suke kamar sanda ba, a karye suke kamar gwafa, oksijin a gindi, haidurojin biyu a rassa, da kusurwar da ta kai digiri 104.5 a tsakaninsu. Oksijin ya fi ƙarfin ja, don haka lantarkin da suke tarayya a kansa ya fi karkata wajensa. Wannan ya sa ƙwayar ruwa ta zama kamar ɗan ƙaramin batir mai kai biyu mabambanta. Kan wannan ƙwaya yana jan gindin waccan, waccan ta ja ta kusa da ita, sai ya zama duk ruwan da ke cikin moɗa riƙe yake da hannun juna, ana saki ana sake kamawa ba tsayawa.

Daga wannan riƙon hannu ne kusan duk baiwar ruwa ta fito. In aka cire oksijin aka sa farar wuta a gurbinsa, abin da za a samu wata iska ce mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda ƙwayarta ta kusa ninka ta ruwa nauyi, amma ba ta zama ruwa-ruwa sai sanyi ya kai digiri 60 ƙasa da sifiri. Shi kuwa ruwa, duk da rashin nauyinsa, yana kwance a matsayin ruwa daga digiri 0 har zuwa 100. Ba don wannan riƙo ba, da tuni kogin Kwara da tafkin Chadi da jinin jikinmu sun bi iska.

Saboda riƙon nan ne kuma ruwa yake jimre zafi. Zafin da ake bukata a ɗumama kilo ɗaya na ruwa ya kai wajen ninki biyar na wanda zai ɗumama kilo ɗaya na rairayi, shi ya sa yashi ke ƙona ƙafa da hantsi alhali ruwan tafki yana nan da sanyinsa. Kafin kuma ƙwayar ruwa ta saki 'yan uwanta ta tashi ta zama tururi, sai ta kwashi zafi mai yawa ta tafi da shi. Wannan shi ne aikin gumi a jikin manomi a watan bazara, kuma shi ne aikin randa da tulu. Maginiyar tukwane ba ta san sunan haidurojin ba, amma ta san tulun da ke tsatsafo da ruwa ta jikinsa shi ke sanyaya na ciki. A kan wannan hikimar marigayi Muhammad Bah Abba, wani malami daga Jigawa, ya gina dabararsa ta sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani domin adana kayan miya, har ta kai shi ga lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000.

Akwai ƙari. Yawancin abubuwa tsukewa suke yi in sun daskare, shi kuwa ruwa buɗewa yake yi da kimanin kashi 9 cikin 100, shi ya sa ƙanƙara ke yawo a saman zoɓo, kwalbar da aka cika maƙil kuma ta fashe a firiza. A ƙasashen sanyi wannan ne ke sa saman tafki ya daskare ya zama murfi, kifaye su ci gaba da rayuwa a ƙasa. Riƙon nan ne kuma ke sa giginya da rimi su ɗaga ruwa daga saiwa zuwa ƙololuwa ba tare da inji ba: ganye ya saki ƙwaya ɗaya a iska, ita kuma ta jawo ta bayanta, kamar igiyar guga. Ita kanta iskar oksijin da muke shaƙa, tsirrai ne ke fasa ƙwayar ruwa da hasken rana su sako mana ita.

Amma babbar baiwar ruwa ita ce narkarwa. Gishirin miya haɗi ne na sodiyam da kulorin, kowanne da irin nasa lantarki. In ya faɗa ruwa, sai ƙwayoyin ruwa su kewaye kowane ɗaya, masu juya kai su juya kai, masu juya gindi su juya gindi, su raba su, su tafi da su. Lita ɗaya tana iya shanye gishiri giram 360 ko kusa da haka. Da wannan hali jini ke kai abinci ga kowane lungu na jiki ya kuma kwaso datti zuwa ƙoda, domin fiye da kashi 90 cikin 100 na ruwan jini ruwa ne tsantsa. Jikin baligi kimanin kashi 60 cikin 100 ruwa ne, na jariri sabon haihuwa ya kai wajen 75. Mutum na iya yin makonni bai ci ba, amma 'yan kwanaki kaɗan zai yi bai sha ba. Buzaye sun taƙaita zancen da suka ce aman iman, wato ruwa shi ne rai.

Sana'o'inmu na gado da yawa a kan wannan narkarwa suka tsaya. Marini yana jiƙa baba da toka a karofi domin ruwa ya ɗauki shuɗi ya kai shi cikin zare. Uwargida tana jefa kanwa a tukunyar wake domin ruwan kanwa ya sassauta shi ya nuna da wuri. Mai wanki ya san rijiyar da sabulu ba ya kumfa a ruwanta, ko da bai san kalsiyam ne da ruwan ya kwaso daga ƙasa ke cinye sabulun ba. Mafi girma duka shi ne gishirin Bilma, wanda ayarin raƙuma ke ratsa Tenere domin ɗaukowa. A can ruwan ƙarƙashin ƙasa ne ke narkar da gishiri ya taru a ramuka, rana ta ɗauke ruwan, gishirin ya zauna, a kwashe a gina kantu. Mu riƙe wannan misali da kyau: ruwa ya tafi, abin da ya narke a cikinsa ya zauna. Za mu bukace shi nan gaba.

To, ɗan dako ba ya tambayar abin da ke cikin buhu. Yadda ruwa ke ɗaukar sukari da magani, haka yake ɗaukar cuta da dafi. Kayan da yake ɗauko mana kuwa iri biyu ne, kuma rashin bambance su shi ne tushen kuskurenmu.

Iri na farko masu rai ne: ƙwayoyin kwalara da taifot da atuni, da ƙwarin da ke ɗauke da kurkunu. A kan waɗannan mun ci nasarar da ta isa a yi alfahari da ita. A 1986 an ƙiyasta mutum miliyan uku da rabi ne ke kamuwa da kurkunu a Afirka da Asiya, manoma suna kwance da damina gonaki suna lalacewa. Cutar ba ta da allura, ba ta da ƙwayar magani. Da ƙyallen tace ruwa, da rijiyoyi masu murfi, da wayar da kai ƙauye-ƙauye aka kore ta, a yaƙin da Jimmy Carter ya ja gaba, Janar Yakubu Gowon ya tallafa a Nijeriya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Kamaru ta rabu da ita a 2007, Nijar da Nijeriya a 2013, Gana a 2015. A 'yan shekarun nan waɗanda ke kamuwa a duniya baki ɗaya ba su kai ashirin a shekara ba, Chadi na cikin ƙasashen da ta rage. Dabarunmu na da ma sun taimaka: alimun, wanda wasu ke kira alif, yana tara lakar ruwa ta kwanta, haka ma dakakken ƙwallon zogale da matan Sudan suka daɗe suna tsarkake ruwan Nilu da shi. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta, kulorin ma yana kashewa.

Iri na biyu kuwa ba su da rai balle a kashe su. Sinadarai ne da ruwa ya narkar daga duwatsu da shimfiɗun ƙasa a cikin shekaru aru-aru da ya yi a kwance can ƙasa. Wasunsu harshe na ji, kamar zartsi, wasu ido na gani, kamar jan ƙarfen da ke rina bokiti. Amma mafi muninsu ba launi, ba ɗanɗano, ba wari. Ƙyalle ba ya tace su, kulorin ba ya taɓa su. In kuwa aka tafasa ruwan, to an yi aikin ranar Bilma ne a kan murhu: ruwa ya ragu, dafin ya ƙara kauri.

Wanda ke ganin zancen nan tatsuniya ce, ya tambayi mutanen Tibirin Gobir, kusa da Maraɗi. A tsakiyar shekarun 1980 aka fara ba garin ruwan famfo daga rijiyar burtsatse, wadda a Nijar ake kira foraj. Ruwa ne garau, abin murna ga garin da ya saba da guga. Sannu a hankali yaran da aka haifa bayan zuwan famfon suka fara nuna alamu: haƙora su rine su yi ruwan ƙasa suna gutsurewa, ƙafafu su lanƙwashe, kai ya yi girma, ƙashi ya yi ta ciwo. Sai da aka shafe kimanin shekara goma sha biyar ana sha kafin a tabbatar ruwan ne. Sinadarin fulorayid da ke cikinsa ya ninka sau uku zuwa huɗu a kan iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa, wato miligiram 1.5 a lita. Ɗaruruwan yara suka naƙasa, naƙasar da ba ta warkewa, kuma a 2002 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta FIDH ta fitar da rahoto na musamman a kan lamarin. Waɗannan yara a yau magidanta ne da iyayen wasu, suna ɗauke a ƙasusuwansu da sakamakon gwajin da ba a yi a kan kari ba.

Abin lura game da fulorayid shi ne, kaɗan ɗinsa alheri ne. Shi ake sawa a man goge baki domin ƙarfafa haƙori. Amma in ya yi yawa sai ya shige cikin ginin haƙori da ƙashi ya sauya shi, kuma ya fi yi wa yaro illa, domin shi ne ƙashinsa ke kan ginuwa, balle in abincinsa ba ya da wadatar kalsiyam. Mu kuma mazauna ƙasar zafi mun fi kowa shiga haɗari, saboda wanda ke gumi ya fi shan ruwa, wanda ya fi sha kuwa ya fi haɗiyar abin da ke ciki. Bambancin magani da dafi a nan 'yan miligiram ne, kuma ba harshen da zai iya auna su.

Tibiri ba ita kaɗai ba ce. A gundumar Bongo ta arewacin Gana an rufe rijiyoyin burtsatse da dama saboda fulorayid. An sami irin matsalar a yankin Mayo Tsanaga na arewacin Kamaru, da Langtang ta jihar Filato a Nijeriya, balle Habasha da Kenya da Tanzaniya inda ta daɗe da zama sananniya. Darasi mafi girma kuwa daga nesa ya zo, daga Bangaladash ta kudancin Asiya. Tun daga shekarun 1970 aka dinga kafa famfunan tuƙa-tuƙa a ƙauyukan ƙasar domin raba mutane da ruwan kududdufi mai kashe yara da gudawa, kuma an yi haka da kyakkyawar niyya. Sai a 1993 aka tabbatar ruwan rijiyoyi da yawa yana ɗauke da asenik, dafin da ke ɓata fata ya kuma jawo sankara bayan shekaru. Miliyoyin mutane sun riga sun sha. Abin da aka yi daga baya shi ne abin koyi: aka bi rijiyoyi ana gwadawa ɗaya bayan ɗaya, mai kyau a shafa wa bakin famfonta koren fenti, mai dafi a shafa mata ja, yadda ko wanda bai taɓa shiga aji ba zai gane.

Akwai kuma dafin da mu ke zubawa da hannunmu. A unguwanninmu masu cunkoso, gida ɗaya ya haƙa rijiya a wannan kusurwa, maƙwabci ya haƙa masai a bayan katanga. Ƙasa tana tace wani abu, amma sinadarin naitiret da ke fitowa daga bayan gida da takin zamani yana narkewa ya bi ruwa har rijiya. In ya wuce miligiram 50 a lita yana iya hana jinin jariri ɗaukar oksijin yadda ya kamata. Shawarar da masu aikin ruwa suka saba bayarwa ita ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin masai da rijiya, kuma masai ya kasance ta gangare. Mu duba gidajenmu mu faɗa wa kanmu gaskiya, nawa ne suka cika wannan sharaɗi?

Mun san abin da wani zai ce. Zai ce wannan zancen ƙosassu ne. Matar da ke tafiyar kilomita biyar da jarka a ka, yarinyar da ta bar makaranta saboda ɗibar ruwa, makiyayin da dabbobinsa ke faɗuwa da rani, ba su da lokacin jiran takardar gwaji. Zai ƙara da cewa rijiyar burtsatse ta ceci rayukan da suka fi waɗanda ta cutar yawa nesa ba kusa ba. Duk wannan gaskiya ne, kuma ba mu ce a daina haƙa ba. Cewa muka yi a ƙarasa aikin. Kuɗin gwada ruwan rijiya ɗan kaɗan ne in aka gwama da kuɗin kawo injin haƙa, da bututu, da tanki, da faifan hasken rana, da walimar buɗewa. Akwai ma kayan gwaji na tafi-da-gidanka da ke nuna fulorayid da naitiret a bakin rijiya cikin mintuna. Wanda ya iya sayen doki bai kamata linzami ya gagare shi ba. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, amma ƙashin yaro in ya lanƙwashe, ko tsalle dubu ba ya miƙar da shi.

Wani kuma zai ce talakawa ba za su gane zancen sinadarai ba. Wannan raini ne, kuma tarihi ya ƙaryata shi. Ruwan gishiri da sukari da ake ba mai gudawa kimiyya ce zalla: hanji ya fi saurin tsotse gishiri in yana tare da sukari, ruwa kuma ya bi gishirin ya koma jiki. A 1971 wani likitan Indiya, Dilip Mahalanabis, ya yi amfani da shi a sansanin 'yan gudun hijira da kwalara ta ɓarke a ciki, mace-mace suka sauko daga kimanin kashi 30 cikin 100 zuwa ƙasa da 4. Daga baya aka bi gida-gida ana koya wa uwaye. A yau uwa a Damagaram ko Garwa ko zangon Kumasi ta san lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Wadda ta riƙe wannan, me zai hana ta riƙe cewa jan fenti a famfo yana nufin a yi wanki kada a sha? Matsalar ita ce ilimin ruwa yana kulle a Faransanci da Ingilishi, a cikin rahotannin da ke kwance a ofisoshi, masu sha kuwa Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Barbarci suke ji.

Saboda haka ga abin da muke kira gare shi. Hukumomi, daga ma'aikatar ruwa har ofishin magajin gari da na ƙaramar hukuma, su sa doka kada a miƙa rijiya ga jama'a sai da gwajin ƙwayoyin cuta da fulorayid da asenik da naitiret, a kuma riƙa maimaitawa lokaci-lokaci, domin ruwan ƙasa yana sauyawa. Attajirai da 'yan siyasa da ƙungiyoyin da ke haƙa rijiyoyi domin sadaka su ɗauki gwaji a matsayin wani ɓangare na sadakar. Allon da ake kafawa a jikin tanki ana rubuta sunan wanda ya gina, a rage masa wuri a rubuta ranar da aka gwada ruwan da abin da aka samu, da boko da ajami, a shafa fentin da kowa zai gane. Malaman makaranta da ma'aikatan asibitin ƙauye su riƙa duban haƙoran yara. In aka ga 'yan aji ɗaya da yawa haƙoransu sun rine iri ɗaya, kafin a ce gado ne ko iska ko sammu, a fara kai ruwan garin gwaji. Gidajen rediyonmu su ba wannan ilimi fili kamar yadda suka ba allurar rigakafi. Mu kuma masu saye, mu saba da tambayar mai ruwan leda da ɗan ga-ruwa daga ina ruwansu ya fito.

Rijiyar da gwaji ya kama ma ba asara ba ce. Ruwan fulorayid da na asenik ana wanka da wanki da gini da su, sha da girki ne abin gudu. Ana iya gauraya ruwan da wani mai sauƙin sinadari, ana iya tace fulorayid da gawayin ƙashi, ko da alimun da farar ƙasa kamar yadda aka yi a Nalgonda ta Indiya, ana iya tara ruwan sama domin shan yara. Kowace daga waɗannan hanyoyi tana farawa ne daga sanin abin da ke cikin ruwan, rashin sani kuwa an ce ya fi dare duhu.

Labarin asalin Hausa Bakwai da kansa a bakin rijiya ya fara. Mutanen Daura suna da Kusugu amma ba su da ikon ɗiba sai ranar Juma'a, saboda macijin da ke ciki, har Bayajida ya zo ya sare kansa. Kakanninmu sun ga wanda ya raba jama'a da abin da ke cikin rijiya ya cancanci a riƙa ambatonsa har abada. Wancan maciji ana ganinsa, yana da kan da za a sare. Na yanzu narkewa yake yi a cikin moɗa, kuma takobinsa 'yar kwalbar gwaji ce.

Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba, in ji masu iya magana, mu kuwa mun tona, mun samu, saura mu san abin da muka samu. Ranar da za a buɗe sabon famfo a unguwarmu ko ƙauyenmu, bayan an yi godiya an yi addu'a, kafin yaro na farko ya tara hannu, a sami dattijo ɗaya ko uwa ɗaya da za ta miƙe ta tambaya cikin ladabi: an gwada ruwan nan kuwa, ina takardar?

Allah ya ba mu ruwa mai albarka, ya kare mana zuriya.